Baƙin Allon Kwamfutata

Yaya Zakari,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Hajja? Ni ƙalau nake a unguwar Briqueterie, nan ƙetaren iyaka, gyaran kwamfuta yana tafiya.

Ka tambayi wace manhaja za ka sa wa sabuwar kwamfutarka. Windows ya fi sauƙi, wasannin ƙwallon yaranka duk za su hau, sai dai yana leƙen abin da mutum ke yi. Mac na masu hali ne. Linux ne mai rufa asiri, shi na sa wa tawa.

Amma tun da rikicin arewa ya tsananta, Bahaushen Nijeriya mai sirri abin zargi ne a ƙasar nan. Ranar Talata wasu mutum biyu marasa kaki suka tarar ina rubutu a baƙin allon Linux. Ɗaya ya tambaye ni da Faransanci me nake ɓoyewa, suka tafi da kwamfutar. Ba su taɓa ni ba, kada Hajja ta ji. Sai dai mahaucin da ke gefen shagona ya daina amsa sallamata.

Ka sa Windows, Yaya. Ƙanenmu Sabiru kuma kada ya taho tukuna. Allah ya tsare mu.

Mutanen nan biyu sun ce kada in je karɓar kwamfutar, za su dawo da kansu.

Ƙanenka,
Abdulrauf