Sau Uku Na Ce Mata Saura Gishiri

Assalamu alaikum Malama, da ku iyayena da yayyena da ke taruwa a tsakar gidanta ranar Alhamis ana karanta muku damuwar mutane. Ku matso kusa, don abin da zan faɗa ko maigidana bai sani ba. Ku yi haƙuri da rubutun, allona bai yi nisa ba. Kada ku matsa wa mai daddawar da ta kawo takardar, ba ta san abin da ke ciki ba. Mu dai muna wani ƙauye a bakin daji, tafiyar hantsi daga ganuwar Birnin Gwari. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku tsine mini.

Yayar mijina, bari in ce mata Yaya Hassu, darni ɗaya ya raba gidanmu da nasu. Duk yankin nan babu mai hannun miya kamarta, ko suna ko biki ita ake kira. To shekara biyu ke nan ta yi wani mugun zazzaɓi, ta tashi, amma harshenta bai tashi ba. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakinta. Ni kaɗai ta gaya wa, a bayan rumbu, tana kuka. Tun daga ranar in ta ɗora tukunya sai ta leƙo ta darni ta ce, "Matarmu, zo ki ga wani abu." In je in ɗiga a tafin hannu in lasa, in ce mata ƙara ko bari. A ci a yaba mata, ni ko a jikina, har daɗi nake ji.

Ni ma na ba ta nawa sirrin. 'Yata ta fari tana ƙarama ta taɓa faɗuwa sau biyu, idanu suka juye, muka yi magani, yau shekara takwas ba ta sake ba. Bana wani maƙeri mai hankali ya nemi aurenta, ita ma tana sonsa, har an raba goro an sa rana bayan kaka. Kwatsam danginsa suka aiko wai sun fasa, ba dalili. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Ranar kasuwa ina tsugune bayan masu tukwane sai na ji uwar maƙerin tana ce wa wata, "Ai gwaggon yarinyar ce da bakinta ta gaya mini, farfaɗiya gare ta." Gwaggonta! Wadda nake rufa wa asiri safe da yamma! Yarinyar nan ta daina kitso, ta daina fita, in an zuba tuwo sai ta yi loma biyu ta ture. Ku gaya mini, wace uwa ce za ta ga haka zuciyarta ta kwanta?

Ban ce wa Yaya Hassu komai ba. Jira na yi.

Sai mijinta ya kira gayya a babbar gonarsa ta dawa, can cikin daji inda ba a zuwa sai da taro da kwari da baka saboda mahara. Ya yanka bunsuru, ya samo beza wurin fatake, farin gishirin nan da ɗan kaɗan ke isa. Ita kuwa da manda ta saba, baƙin gishirinmu da bai kai shi ƙarfi ba. Ta haɗa miyar gyaɗa da yakuwa a ƙatuwar tukunya, ƙamshi har gidanmu. Ta kira ni. Na lasa, wallahi miyar nan ta yi daidai, ba ta neman komai. Na ce, "Yaya, saura gishiri." Ta zuba. Na lasa, na ce, "Har yanzu." Ta dube ni ta ce, "Anya, matarmu? An ce fa wannan yana da ƙarfi." Na ce, "Yo fatake me ba sa faɗa? Ƙara." Sau uku. Na ukun ma ni na riƙe mata ƙoƙon.

Da mai tuƙa tuwo ta lasa ta tofar, sai Yaya Hassu ta damƙo hannuna ta ce, "Ke kin san gyara, taimake ni." Na sani mana! Uwata ta koya mini: a yanka ɗanyar doya manya-manya a jefa ta sha gishirin a tsame, a wanke gawayin kirya a saka, a ƙara ruwa da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Ga doya jibge a ɗakina. Na kalli idonta na ce, "Yaya, wannan ta wuce gyara." Rana ta take, makaɗa na kiran abinci, haka aka ɗauka aka kai.

An ce loma ɗaya 'yan gayya suka yi suka rufar wa tulunan ruwa. Wani mai baki ya ce wa mijinta, "Maigida, mu ka gayyata, ko shanun Fulani ka kira lasar gishiri?" Kafin azahar sun saɓa fartanya sun watse, rabin gona na cikin ciyawa.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Da aka dawo da tukunyar za a zubar, na ce a ba ni in ba awaki. Na shige da ita madafa na gyara ta tsaf. Kwana biyu muna cin naman bunsurun nan. 'Yata ta ci har da suɗe hannu, rabon da in ga haka tun ranar da aka fasa. Ba zan ɓoye muku ba, ina kallonta ina jin sanyi a raina.

Yanzu mijin Yaya Hassu ya ce da gangan ta tozarta shi, don mai hannu irin nata ba ta yin wannan kuskure. Ya bi gida-gida ya ba da haƙuri, an yarda za a sake fitowa ranar Asabar. Ya kuma rantse a gaban dattawa, in aka kuma, ta tattara ta bar masa gida, da furfurarta da jikokinta. Ita ta san ni ce. Amma ta yaya za ta faɗa ba ta tona cewa harshenta ya mutu ba?

Jiya da hantsi ina sussuka ta shigo, ta ƙofa, ba ta darni ba. Ta rame. Ta ce, "Matarmu, Asabar ce fa."

Na ce, "Na ji."

"Za ki zo?"

Na ajiye taɓarya na ce, "Me kika gaya wa uwar maƙeri?"

Ta ce, "Tambayata ta yi, ta haɗa ni da Allah. Ƙarya zan yi mata?"

Na ce, "Ni shekara biyu ina yi wa gari ƙarya saboda ke, wuta ta cinye ni?"

Na tsaya ina jiran kalma ɗaya, ta ce yi haƙuri. Ba ta ce ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Ki zo dai," ta fita.

Ba ta da wanda za ta miƙa wa ludayi sai ni. In na faɗi gaskiya aurenta ya tsira, na 'yata kuwa ya tafi ke nan, kuma ko haƙuri ba a ba mu ba. In na sake cewa ƙara, tsohuwa ta rasa ɗakinta. Ina tsoron Allah, amma wallahi ban huce ba. Mai daddawa za ta dawo Juma'a, ku ba ta amsa. Iyayena, in ta ɗiga mini miyar nan a tafin hannu ranar Asabar, me zan yi?