Miyar da Na Hana Ki Shekara Huɗu

Daegu, Laraba, 12 ga Maris

Zuwa ga Hyeran, matata, hasken safiyata, furen da ke buɗewa tun dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, ke da muryarki ta fi mini ruwan farko a kan rufin gidanmu daɗin ji. Yeobo, masoyiyata!

Wannan ce takarda ta uku. Ta farko ta fito kamar rahoton gareji. Ta biyu na cika ta da ban haƙuri har na rasa inda zan rubuta cewa ina son ki. Wannan, ta yi kyau ko ba ta yi ba, ita zan kai gidan waya, don ta riga ni isa gare ki.

Saƙonki ya shigo jiya da ƙarfe sha biyu da minti arba'in, ina kwance a ƙarƙashin bas, hannuna duk baƙin mai. "Asabar ce ranar haihuwata. Ka zo in kana so. Kada ka zo da littafin." In ina so! Ashe ana tambayar busasshiyar gona ko tana son ruwa? Na zabura zan tashi, na manta akwai mota a kaina, goshina ya haɗu da ƙarfe. Shugaban sashenmu, dattijo Bang, ya leƙo ya ce in dai bas ɗin nake so in lotsa, in nemo guduma, kan nan nawa babu komai a cikinsa da zai yi nauyi. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Kwana arba'in da ɗaya ke nan da tafiyarki gidan yayarki Hyesuk a garin Tongyeong na bakin teku, kuma jiya ne na fara jin cewa iska tana kaiwa har ƙasan ƙirjina.

Kin tuna tambayar da kika yi mini a bakin ƙofa, washegarin Sabuwar Shekararmu ta lissafin wata, a ƙarshen Janairu, bayan gwaggona ta sake tambayarki a gaban dangi ko akwai labari mai daɗi? Kina riƙe da jaka kika ce, "Dongcheol, idan ban taɓa cin jarrabawar nan ba har abada, ni wace ce a gidan nan?" Ni kuwa na tsaya kamar turken fitila. Ba rashin amsa ba ne, ban fahimci tambayar ba ne. Na ce a raina, wace jarrabawa? Sai da na zauna na karanta littattafaina guda bakwai da nake rubuta bayanan neman haihuwarmu a ciki, shafi bayan shafi, sannan na gane cewa ni ne na shirya ɗakin jarrabawar, ni ne kuma mai tsaronsa.

Ga yadda na yi, bari in faɗa da bakina. Ranar da likita ta fara yi mana bayanin dashen ɗan tayi, kunnena ya kama abu ɗaya: a yarenmu, sunan aikin da kansa da kalmar jarrabawa ya fara. To ni, da ban wuce sakandare ba, abin da na sani game da jarrabawa shi ne abin da kowace uwa ta sani. Ranar jarrabawa ba a shan miyar ganyen teku, don santsinta kada ya sa mutum ya zame ya faɗi. Dunƙulen shinkafa mai danƙo ake ba shi, don ya manne. Na dawo gida na kwashe ganyen tekun da ke cikin kabad na kai wa maƙwabta. Kafin kowane dashe na tsaya a layi na sayo miki dunƙulen nan, na jera a faranti, ina jin kaina miji mai kula. Dashe biyar, faranti biyar. Duk lokacin da aka kira daga asibiti aka ce bai kama ba, ke kike zama ɗalibar da aka ciyar da ita komai, ta kuma faɗi.

Amma abin da ya sa na ajiye littafin na rufe fuskata shi ne shafin bara. "15 ga Maris. Allura ƙarfe bakwai. Ta ci abinci kaɗan." Shi ke nan abin da na rubuta ranar haihuwarki! Yanzu na tuna yadda kika shigo kicin da safen nan, kika ɗaga murfin tukunya, kika tarar ba komai, kika mayar da shi a hankali don kada ya yi ƙara. A duk faɗin ƙasar nan, akwai wanda ake bari ya wayi gari ranar haihuwarsa ba miyar ganyen teku? Shekara huɗu na hana ki ita, saboda haihuwar da ba ta zo ba, na manta da haihuwar da ta riga ta zo ta ba ni ke.

Littattafan nan sun san lokacin kowace allura da zafin jikinki na kowace safiya. Ba su san kin daina ɗaga waya ba, kin daina bin titin da ya wuce ta makarantar yara, kin yi ƙaryar mura don kada ki je bikin cikar shekara ɗaya na ɗan ƙawarki. Na gan ki zaune a bakin gado da rana tsaka, labule a rufe, na rubuta "gajiya". Da kika ce zuciyarki na bugawa kamar za ta fito, na ce ki rage shayi. Da kika ce kina so ki ga likitan damuwa, na ce mu bari tukuna, me mutane za su ce. Wannan maganar ta fi duk sauran ba ni kunya. Ciwo ne kike ɗauke da shi, ciwo na gaske, ni kuma ina auna ki kamar taya.

Hyesuk ta ce kina zuwa wurin likitar kowace Talata, kina samun barci, har kin yi wa wani mai sayar da kifi tsiya a bakin tashar jiragen ruwa. Da ta gaya mini, na so in fita in gaya wa kowane fasinja a Daegu. Hyeran ɗina ta yi tsiya! Ki ci gaba da zuwa, yeobo. Idan likitar na son ganina, zan zo in zauna in saurara, ko da abin da za ta faɗa ba zai yi mini daɗi ba.

Yanzu ki ji abin da ya faru yau. Na ɗauki hutun rabin yini na tafi kasuwa, wurin wata tsohuwa mai sayar da busasshen ganyen teku. Na ce ta ba ni mafi kyau, dogo, na ruwa mai ƙarfi, ban san shi ne irin wanda ake saya wa mai jego ba. Ta dube ni sama da ƙasa, ta washe baki.

"Barka, barka! Mace ko namiji?"

Da a bara ne, da na sunkuyar da kai na wuce. Yau sai na ji bakina ya ce, "Mace."

"Kwana nawa?"

"Ranar Asabar za ta cika shekara talatin da tara."

Ta fashe da dariya har ta dafa tebur. Ta maka mini ganyen a kafaɗa, ta ce wannan jaririya ta daɗe tana jiran miya, wane irin malalacin miji ne ni. Ta ƙi naɗe shi, ta ce ganyen haihuwa ba a karya shi, ko haihuwar ta jiya ce ko ta shekara arba'in. Haka na shigo bas da shi a tsaye, ya kusa kai tsawona, mata biyu suka yi mini barka, ni kuma na amsa. Me zai hana in amsa? An haife ki, ai barka ta tabbata!

Kin tuna shekararmu ta farko, a ɗan ɗakin nan na saman bene, da na dafa miki ita na zuba gishiri sau biyu? Kika sha kwano biyu, idonki na hawaye, kika ce teku da kansa ya zo gaishe ki. Wannan dariyar nake nema, ke tauraruwar da nake duba hanya da ita, ke inuwata a tsakiyar zafin Daegu. Na gwada dafawa sau biyu da yammar nan. Na soya naman da man riɗi kamar yadda mahaifiyarki take yi. Ta farko ta yi ruwa, ta biyu ina jin ta yi, ko da yake ban yarda da harshena ba. Ke za ki yanke hukunci.

Akwai ɗan tayi ɗaya da ya rage a daskare a asibiti, na san kina tunaninsa, ni ma haka. Ba zan ta da maganarsa ranar Asabar ba. Idan wata rana kika ce mu gwada, zan riƙe hannunki, ba agogo ba. Idan kika ce ya isa, ya isa, kuma ni zan je in gaya wa mahaifiyata da gwaggona da bakina, ba ke ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce ban taɓa son jin an kira ki maman wane ba. Na so. Amma gidan da babu yaro na zauna a cikinsa shekara goma sha ɗaya ina farin ciki. Gidan da babu ke, kwana arba'in da ɗaya ya kusa gamawa da ni.

Ga amsar tambayarki, a makare. Ke ce Hyeran. Ke ce wadda na aura, ba don ki ci wata jarrabawa ba. Babu wadda ta faɗi a gidan nan, kuma babu mai sake ba ki maki.

Zan shiga motar farko ranar Asabar, tukunya a kan cinyata. Littafin yana cikin aljihun tebur, na kulle, makullin kuma yana cikin ambulan ɗin nan, ki duba ƙasa. Ba na roƙon ki biyo ni gida a ranar. Ki sha miyar kawai tun tana da zafi. Tana da santsi, na sani. Duk abin da zai zame ya zame, ni ina riƙe da ke.

Naki, a kowace sha biyar ga Maris da ta rage mana, da duk ranakun da ke tsakaninsu,

Pyo Dongcheol