Ba a Kai Ƙarshen Kashi na Biyu Ba

Asabar da dare, Kurfi

Tun da na dawo daga Dutsin-Ma ko tuwo na kasa ci.

Wata biyu na yi ina ɗora muryar Hausa a kan katun ɗin nan na Japan, kashi na biyu na labarin yaron da ke tuƙa ƙaton mutum-mutumin ƙarfe. Na farkon faɗa ne zalla, sau uku gidan kallon Malam Sabi'u da ke Dutsin-Ma yana cika a kansa. A wannan kuwa yaƙi ya ƙare, yaron ya dawo gida babu wansa, ya ƙi komawa cikin ƙarfen. Wurin da yake magana da kujerar wansa, sau tara na sake ɗauka don muryata tana rawa. Yaya Nura kawai nake gani, da kwalekwalensa da aka tsinta a madatsar ruwan Zobe babu shi.

Yau bayan la'asar aka saka. Ba a jima ba wani ya ɗaga murya daga baya: "Kai mai fassara, yaushe za a fara duka?" Aka kwashe da dariya. Da aka zo wurin kujerar, wani ya kwaikwayi kukana.

Malam Sabi'u ya dafa kafaɗata. "Yi haƙuri, Auwalu, mutane sun matsa." Ya mayar masu da ƙwallo.

Ya miƙo mani filas ɗina mai ɗauke da katun ɗin, na jefa aljihu. Har na tada babur, ba wanda ya tambaye ni yadda yaron ya ƙare.