An Hana Motar Inno Kwana a Filin Baba

Sabon Birni, ƙarshen watan Sha'aban, 1369

Zuwa ga yayana Maliki, a zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa daga ƙanwarka Hajjo. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fadima da yara, Allah ya sa albarka cikin fataucin goronka, ya tsare ku da zazzaɓin kurmi. Mu nan mun gode Allah. Ruwa ya sauka, maigidana Halliru ya gama shuka a gonar Unguwar Lalle, gero har ya leƙo. Jamilatu ɗiyar kawu ta sauka lafiya, namiji, an sa mishi sunan marigayi Baba. Malam Labbo ne ke rubuta mini, kuma na roƙe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya sassauta ko kaɗan. In ka ji zafi, ba laifinsa ba ne, nawa ne.

Yaya, Inno ba ta tafi Makka ba. Tana kwance a ɗakina yanzu haka da ciwon ƙirji, abokan tafiyarta kuwa sun yi nisa. Na san kana can kana faɗa wa mutane uwarka na hanyar hajji, kana karɓar addu'a. To ka daina, ka zauna ka ji yadda anka yi, don akwai hannunka a ciki.

Ka san tun rasuwar Baba ba ta da wani buri sai wannan tafiya. Shanunta ta sayar, zaren da ta yi shekaru tana kaɗi duk can ya tafi. Motar da sunka samu ta wani direba ce mai suna Kalilu, babbar motar katako, kuma mutum ne mai hankali, ya taɓa kai alhazai har Sudan ya dawo. Ya gaya musu tun farko cewa motar nan ita ce gidansu har su ga teku, cikinta za su kwana, gefenta za su dafa abinci. An rufa mata tampol, an raba ta da zana, mata gaba maza baya. An ɗaure tuluna da garewani a jikinta, an jera buhunan gero an shimfiɗa tabarmi a kai. Inno ta samu lungu kusa da wata mata mai goyo daga garin Gatawa, ta rataye tasbahanta a ƙusa, ta zauna tana murmushi kamar amarya. Rabona da ganin fuskarta haka tun ina yarinya. Ni da Halliru munka hau don mu raka ta Isa, washegari mu dawo.

Ba mu tashi da wuri ba, saboda bankwana ya ja lokaci, taya kuma ta fashe a hanya. Rana na dab da faɗuwa munka shiga Isa. Kalilu ya ce ba ya ƙetare gulbi da duhu da tsofaffi a mota, ga shi kuma akwai wasu maniyyata da za su hau da safe, don haka nan za a kwana. Ya fara nufar filin kasuwa, ɗan doka ya tare shi ya ce an hana mota kwana kusa da rumfuna tun da anka yi gobara. Ya juya wajen barikin da Turawa ke sauka, inda akwai tudu da inuwa da rijiya, mai gadi ya fito ya ce Bature mai rangadi na ciki, ba ya son hayaniya, ko tsayawa kada mu yi. Waɗannan ban ji haushinsu sosai ba, bare ne, aikinsu suke tsaro. A nan ne Inno ta yi dariya ta ce wa mutane su kwantar da hankalinsu, ai ɗanta na da gida a garin nan, kuma filin ƙofar gidan zango ne tun zamanin mijinta. Da bakinta ta nuna wa Kalilu hanya, tana ba matan nan labarin yadda raƙuman Azbinawa da jakunan fatake ke cika wurin, yadda takan kwana tana dama fura ga mutanen da ba ta san sunansu ba.

Da munka iso sai munka iske filin an kewaye shi da shingen ƙaya tun daga tsamiya har bakin rijiya. Babu komai a ciki, ko akuya babu. Surukinka Sodangi ɗan'uwan Fadima, wanda ka bar wa tsaron gida, ya fito yana gyara riga. Halliru ya sauka ya yi mishi sallama, ya gaya mishi ko su wane ne, ya roƙi a janye ƙaya mota ta shiga zuwa safe. Sodangi ya ce ba shi da iko. Ya ce tun da wata mota ta goge kusurwar katanga bara ka aiko da takarda daga Kumasi, ka ce daga ranar kada mota ko raƙumi ko jaki ya ƙara kwana a filin, ko na wane ne. Halliru ya ce mishi ai uwar mai gidan ce a ciki. Sodangi ya ce ya gani, Inno ta sauko ta shiga ɗaki a yi mata shimfiɗa, ni ma haka, amma mota da sauran jama'a su nemi wani wuri, shi ba zai karya maganarka ba.

Na san nan za ka kama, ka ce ai an ba ta ɗaki ita ce ta ƙi. Yaya, kai ka san wadda ta haife ka. Mutanen da ta ɗaura niyya tare da su, waɗanda ta gama yi wa alkawarin masauki da bakinta, suna zaune suna saurare, ita kuma ta sauka ta shige ɗaki ta bar su su nufi daji? Ban taɓa ganin kunya ta rufe mutum irin yadda ta rufe ta ba. Ta daɗe tana duban tsamiyar nan, sannan ta ce, “Kalilu, tada mota. Na yi kuskure, ba nan ba ne gidan.” Ni kam na faɗa wa Sodangi abin da ya zo bakina, har Halliru ya riƙe ni, kuma ban yi nadama ba.

Wurin da ya rage shi ne fadamar bakin gulbi, inda ba mai kora. Kalilu bai so ba, ya dubi gabas ya ce hadarin nan bai yi mishi ba, amma duhu ya riga ya shigo. Munka hura wuta, munka dafa ɗan abin da za a ci, sauro kuwa kamar a kwashe da hannu. Kafin asuba ruwa ya kece, irin na farkon damina mai iska. Iska ta yage tampol ta gefen mata. Inno ta cire bargonta ta lulluɓe matar Gatawa da jaririnta, ita ta zauna cikin ruwa da zane ɗaya, na yi na yi ta karɓi nawa ta ƙi. Gari na wayewa munka ga ƙafafun mota sun nutse cikin laka har gindin katako, ruwan gulbi kuma na tahowa ta cikin ciyawa. Geron da ke ƙasa ya jiƙe. Da a filin Baba munka kwana, bisa tudun nan mai tsakuwa wanda ko a tsakiyar damina ruwa ba ya kwanciya, da sai dai mu kaɗe tabarmi mu kama hanya.

Mutanen Isa, Allah ya saka musu, sun fito da fartanya da igiyoyi da shanun huɗa. An yi kwanaki ana haƙa ana cusa itace kafin mota ta fito. Tun ranar farko zazzaɓi ya rufe Inno, numfashinta ya koma kamar ana jan zarto. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ba ta haɗa komai da mu ba, ita ta ba mu ɗakinta ta koma kwana a madafi. Ka ji fa, a garin da ɗanta ke da gida mai zaure biyu, uwarka a ɗakin baƙuwa ta yi jinya. Sodangi ya zo da kaza da ƙwai yana sunkuyar da kai, yana cewa a mai da ta gida. Inno ta juya fuska ga bango, ni kuma na miƙa mishi kazarsa.

Kalilu ya jira iyakar abin da zai iya. Ranar da mota ta fito ya zo ya durƙusa bakin ƙofa, ya ce in sun ƙara jinkiri ruwa zai rufe hanyar gabas da Barno, jama'a duka su rasa hajjin bana. Ya ce in Inno za ta iya zama zai shimfiɗa mata a gaba kusa da shi. Ta yunƙura, wallahi ta yunƙura, ta kama kafaɗata ta miƙe, sai ƙafafunta sunka ƙi. Ta koma ta zauna ta ce su tafi, ta yafe musu, su yi mata addu'a in sun isa. Matar Gatawa ta sauko da bargon tana kuka, Inno ta ce ta riƙe, aƙalla shi ya je. Ina tsaye anka kwance tulunta da buhunta daga jikin mota anka ajiye a ƙasa. Da ta ɗan samu sauƙi munka ɗauko ta bisa takarkari, san ɗaukar kaya, zuwa gida, muna tafiya muna hutawa.

Yanzu ka gaya mini, Yaya, kusurwar katanga nawa take? Halliru ya je ya duba, ya ce aikin yini ɗaya ne da laka da magini. Saboda ita ka rufe wurin da ubanka ya buɗe tun kafin a haife ka. Kai da kanka bafatake ne. Daga nan zuwa Kumasi a filin wa kake kwana? Wa ya taɓa tambayarka takarda kafin ya bar ka ka sauke kaya a gindin itacensa? Kana zaune a zangon mutane, kana shan ruwan rijiyar da ba kai ka haƙa ba, sannan ka ɗauki alƙalami ka aiko a zuba ƙaya a naka. Sodangi wawa ne matsoraci, na yarda, amma kai ka ce ko na wane ne, shi kuwa ya riƙe maka. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Tsohuwar nan ta gaya mini tun bara matafiya ke isowa da magariba suna juyawa, masu gishiri, masu shanu, har mata masu ciki. Mu dai namu ne ya fito fili, don an san mu. Mutanen garin sun daina cewa zangon Malam, kamar yadda suke kiransa don Baba, yanzu filin ƙaya suke ce mishi.

Ga abin da nake so. Ka rubuto wa Sodangi da hannunka ya cire shingen nan ya ƙone shi, rijiya kuma a mai da mata guga. In watan azumi ya wuce ban ji komai ba, ka sani ni ma ɗiyar Baba ce, ba a taɓa raba filin nan ba don muna ganin girmanka. Za ni gaban alƙali in nemi a fitar mini da rabona, ko faɗin tabarma biyu ne, in buɗe shi, duk wanda dare ya yi wa ya kwana. Halliru ya ce in bi a hankali, zumunci ya fi fili. Na ce mishi ba ni na fara ba. Abu na biyu, kada ka aiko da turmin atamfa ko goro ka ce a ba Inno haƙuri. Ka zo da ƙafarka. Ta tsufa a cikin watan nan fiye da yadda ta tsufa a shekarun da ka yi ba ka nan, kuma ban sani ba ko za ta ƙara samun ƙarfin hawa mota.

Ita ba ta san abin da na sa a takardar nan ba. Da ta ga Malam Labbo ya shigo da tawada ta kira ni ta ce kada in tada maka hankali kana ƙasar mutane, in ce dai rashin lafiya ce ta hana ta, Allah bai nufa ba. Na yarda Allah bai nufa ba, amma ban yi mata alkawarin ɓoye maka ba.

Ka gaida Fadima, ka ce mata ban riƙe ta da laifin ɗan'uwanta ba. Ka gaida Amiru da Binta da Ɗan'auta, Allah ya raya su. Halliru na gaishe ka, kawu da Jamilatu ma haka, Malam Labbo ya ce a sa tasa gaisuwar. Inno ta ce a gaishe ka da kyau, tana sa maka albarka, ta ce ka rage tafiya cikin ruwa. Tarin ya fara sauƙi, tana shan kunu. Sai dai kullum in na kai mata ruwan alwala da safe takan tambaye ni ko yau su Kalilu sun kai ina, ni kuwa ban san sunayen garuruwan ba, sai in ce sun yi gaba. Sai ta ce to madalla, Allah ya ba su wurin kwana.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Hajjo