Shekarar da Gulbi Ya Ci Gonar Jibo

Zariya, Maraɗi
Watan takwas

Ƙanena Jibo,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ina matarka Baturiya da ɗiyarku Fadila? Mijina Nomau yana gaishe ku.

Maiwada direba ya ce Gulbi ya cika ya shafe gonakinku na Jiratawa, har wayarka ta salula ta tafi cikin ruwa, shi ya sa na rubuto. Kada ka karaya. Ranar Lahadi fasto ya ce bana shekarar yalwa ce ga masu ba da gaskiya, ni kuwa shaida ce: tuwon da nake sayarwa ba ya kai la'asar. Abin da ruwa ya ɗauka, Ubangiji zai maido maka ninki biyu. Ga 'yar shinkafa nan wajen Maiwada. Ka yawaita godiya.

Yayarka,
Tasalla

Jiratawa
Watan takwas

Yaya Tasalla,

Ina gaishe ki da ladabi. Shinkafa ta iso, mun gode.

Fadila ta rasu. Ruwa ya shiga rijiyarmu, gudawa da amai suka kama yaran unguwa. Na ɗora ta a amalanke za mu likita, hanya ta yanke, muka zagaya ta tudu. Tana ta cewa, "Baba, ruwa," ga ruwa ko'ina, babu wanda zan iya ba ta. Ba mu kai ba. Tun ranar Baturiya ba ta ce uffan ba.

Masara ta tafi, zogale ya nutse, injin ban-ruwa yana cikin laka. Inna ta aiko daga Tsibiri wai in yanka baƙin akuya ga iskokin gidan da Baba ya bari lokacin da ya bi Yesu. Na ƙi. Kada ki yabe ni, ko kaza ba ni da ita, ban san abin da zan yi ba da ina da akuyar.

Roƙo ɗaya nake yi, Yaya. Kada ki sake rubuto mini ninki biyu. Ɗiya ba a ninka ta.

Ƙanenki,
Jibo

Zariya, Maraɗi
Watan takwas

Jibo,

Ina yi muku gaisuwar rashi. Na yi kuka har na kasa ɗora tukunya. Da hanya ta buɗe da na taho.

Amma maganarka ta tsorata ni. Allah ba ya ƙarya. Idan albarka ta tsaya, wajenmu ta tsaya, ba wajensa ba. Ka binciki zuciyarka, ko akwai abin da ya toshe ƙofa. Ina azumi dominka.

Yayarka,
Tasalla

Jiratawa
Watan tara

Yaya,

Ina gaishe ki. Waccan wasiƙar ban amsa ba, na ga shiru ya fi mana.

Jiya Maiwada ya faɗa mini. Ya ce ruwan Talata ya jiƙa katangarku, Nomau ya fitar da ke, ya koma ɗauko tukwanen sana'arki, ɗaki ya rufto masa. Na hau motar kayan miya na je unguwarku Zariya. Na tarar da tarin ƙasa inda gidanku yake. Maƙwabta suka ce an yi jana'iza, kin kwana biyu a ajin lakwal, wato makaranta, tare da waɗanda gidajensu suka faɗi, daga nan kin tafi wajen Inna.

Don me ba ki aiko ba? Nomau ne ya koya mini karatu. Da ko ƙasa na zuba masa.

Ƙanenki,
Jibo

Tsibiri
Watan tara

Jibo,

Ina gaishe ka. Kunya ce ta hana ni.

Matan majami'a sun zo mini gaisuwa. Wata ta riƙe hannuna ta ce in binciki zuciyata. Na dube ta, na ji muryata a bakinta.

Ina nan ɗakin Inna. Na zaci za ta ce ga abin da barin iskoki ya jawo mana. Ba ta ce ba. Ta dama mini fura da ɗan hatsin da ya rage mata, ta zauna tana kora mini ƙuda kamar ina yarinya.

Ba na iya addu'a. In na durƙusa, tukwanen nan nake gani, ni ce na yi ihu na ce a fitar da su. Kai da ka riga ni shiga wannan rami, me kake ce wa Allah?

Tasalla

Jiratawa
Watan goma

Yaya,

Gaisuwa da fatan kin samu ɗan barci.

Ba na ce masa abu mai yawa. Da safe nakan ce, "Ga mu nan." Wani lokaci iyakarta ke nan.

Majami'armu ma ta faɗi. Mun kafa rumfar kara, duk wanda ya rasa gida nan yake kwana. Tukunya guda muke ɗorawa. Wani ya kawo rama, wani gari, maƙwabcinmu Malam Abdulrazak da ba addininmu ɗaya ba yakan aiko da wake. Ba mu taɓa ƙoshi ba, ba mu kuma taɓa kwana ba mu ci ba. Kullum da yamma nakan ce gobe kam babu, gobe ta zo a samu. Ban san ko wannan ce yalwar da fastonku yake nufi ba. Ni dai ita na gani da idona, kuma na san ba dabarata ba ce.

Ruwa ya janye, kututturen zogale sun fara toho. Hatsin Inna ba zai kai ku rani ba. Ki taho, ki taho da ita in ta yarda. Shekaranjiya Baturiya ta buɗe baki, abin da ta fara cewa shi ne, "Wa ke kwana da Yaya Tasalla?"

Ƙanenki,
Jibo

Tsibiri
Watan goma

Jibo,

Muna tafe ranar Asabar. Inna ta ce za ta zo, amma ba za ta shiga rumfarku ba, a shimfiɗa mata tabarma a waje.

Ni zan shiga. Kada a sa ni waƙa, kada a ce in ba da shaida. Zan zauna can baya. Ku yi addu'ar, in na iya zan ce amin.

Yayarka,
Tasalla