Yatsu Huɗu Ƙarƙashin Diddige

Fatakwal, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Zuhura,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yau shekara shida da wata huɗu rabona da Argungu. Na ƙirga ne don kin ce kamar na manta hanya. Ban manta ba. Na ba Tamba direban motar albasa wannan takarda saboda in na kira waya sai ki buɗe murya duk gida na ji, ni kuwa maganata ba ta taro ba ce.

Na ji abin da ya sami Yaya Faruk. Shanyewar ɓarin dama, kika ce, baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafa ce ta ƙi. Ranar da labarin ya zo na zauna bakin ƙofar kamfanin katakon da nake gadi, na binciki zuciyata ko zan sami murna a ciki. Alhamdu lillahi ban samu ba. Amma mantuwa ma ban samu ba. Kin san abin da ya faɗa mini gaban 'yan dashe ranar da ya karɓe fadamata ya haɗa da tasa, wai wanda bai iya tsayuwa cikin laka ba kada ya sake maganar shinkafa. Gaskiya ne a shekarar ni na bar irin ya bushe ina yawon gidan kallon ƙwallo. Laifina ne. To da ya kira ni zaure ya faɗa.

Wannan hasken da kika ce ana haska masa a Birnin Kebbi, mene ne shi? Nan garin na ga masu na'urori iri-iri, har da wadda wai ke gane ciwo a tafin hannu. Ki bayyana mini dalla-dalla. Kada ki ce masa na tambaya.

Ki gaida Kulu, Allah ya ba ta ladan jinyar miji.

Yayanki,
Abdussamadu

Argungu, 22 ga Oktoba

Yaya Samadu,

Salamu alaikum. Gaisuwa da ban girma. Muna lafiya, yara na gaishe ka, ko da yake ƙaramar ba ta san ka ba sai a hoto.

Yaya Faruk ya ji ka rubuto, amma ba ni na gaya masa ba. Tamba ne ya tsaya ƙofar masallaci yana ɗaga takardarka sama kamar wanda ya kamo giwan ruwa.

Ga yadda ƙafar take. Naman sharaɓa ya ɗaure kamar icce, diddige ya ƙi taɓa ƙasa, sai ya taka da yatsu yana jan ƙafar. Da munka fara zuwa, yatsuna huɗu ke shiga ƙarƙashin diddigensa in ya tsaya. Sau uku a mako muke zuwa wani ƙaramin asibiti a unguwar Badariya, can Birnin Kebbi. Mai yi masa aikin sunanta Nkem, ɗiyar Chukwuemeka mai sayar da kayan injin ban-ruwa. Nan aka haife ta, Hausarta ta fi taka yanzu. Abin sunansa leza, kamar biro mai kauri. Ta sa masa baƙin tabarau, ta riƙa ɗora kan abin wuri-wuri a sharaɓa, kamar minti goma, sannan ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe. Ba ta yi mana alkawari ba. Ta ce wasu na dacewa wasu ba su dacewa, kuma hasken sassauta naman kawai yake yi, babban aikin na gida ne: safe da maraice wani mai ƙarfi ya riƙe shi a tsaye, ya kuma danna ƙafar a hankali.

Yanzu yatsu uku ke shiga. Amma yayanka bai yarda ba, wai bai ji zafi ba, ko ɗumi bai ji ba, yaya za a ce magani ne. Nkem ta ce masa, "Baba, in zahi kaka so, ga murhun Kulu can gida. Ni ƙahwa nika gyara." Har ya yi dariya.

Aikin gidan ne matsala. Kulu ta gwada riƙe shi, sunka kusa faɗuwa tare. Ɗiyansa duk mata ne, maƙwabta kuwa ya ce ba mai ganinsa ana tallafe da shi. Ya kuma ce in dashen rani ya zo bai iya tsayuwa ba, zai ba wani mutumin Gulma fadamar aro, duka biyun.

Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Zuhura

Fatakwal, 3 ga Nuwamba

Zuhura,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso tana warin albasa, na kuma gode.

Duka biyun, ya ce? Ko yana kwance, kyauta yake da abin da ba nasa ba. Bai canza ba. Na san abin da kike nufi da zancen mai ƙarfi, ba sai kin zagaya ba. Maigadi in ya tashi daga kujerarsa, kafin ya dawo wani ya zauna. Kuma ba a kira ni ba.

Amma ita wannan Nkem na yarda da ita, tunda ba ta yi alkawari ba. Duk wanda ya cuce ni a garin nan da alkawari ya fara. Ku ci gaba da zuwa ko yana faɗa. Ki riƙa rubuto mini lissafin yatsun.

Ki gaida mutan gida.

Abdussamadu

Argungu, 27 ga Nuwamba

Yaya Samadu,

Salamu alaikum, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da shiruna, abin da ya faru ne ya hana ni zama.

Ranar da na tafi suna, yayanka ya aika anka kira wanzami ya yi masa tsaga da ƙaho a sharaɓa, don dai ya ji zafin da yake nema. Ya manta yana shan ƙwayar da ke tsinka jini. Zane biyu Kulu ta jiƙe kafin jinin ya tsaya. Nkem ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi damunsa. Ta duba ta ce ba a haska fata mai rauni, sai ta warke. Mako biyu ba leza, ba miƙewa. Munka koma yatsu huɗu.

A mota muna dawowa ni da yayanka, munka wuce rabin hanya. Sannan ya ce, yana kallon taga, "Samadu na da hannu. Tun yana yaro in ya riƙe igiyar jirgi ba ta kuɓucewa." Shi ke nan abin da ya ce. Ka san shi, kiran ke nan, ba za ka sami wanda ya fi shi ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba don ya hana ni. Iyakar da ke tsakanin fadamarka da tasa bai taɓa rushe ta ba. Kowace shekara da hannunsa yake ɗaga ta. 'Yan dashe na yi masa tsiya, wai yana raba gona da wanda ba ya nan.

An koma haskawa ranar Litinin. Raunin ya warke, yatsu uku. Jiya ya tambayi Nkem ko za ta ƙara minti biyu. Ta ce ba shinkafa ba ce da ake ƙara mata ruwa. Mutumin Gulma ya zo sau biyu, an ce ya dakata zuwa Janairu.

Ni dai na faɗa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zuhura

Fatakwal, 15 ga Disamba

Zuhura,

Gaisuwa gare ki da duk gida. Ki ce wa mutumin Gulma ya nemi wata gona.

Ban ce na yafe ba, wannan sai mun zauna zaure ni da shi. Amma ki roƙi Nkem ta ware rana ta koya mini yadda ake danna ƙafar, kada in yi da ƙarfin ɗaukar katako. Ki ce wa Yaya in zafi yake so, ga shi nan tafe a motar Tamba, makon farko na Janairu.

Ki gaida Kulu, ki gaishe shi ma. Allah ya ƙara sauƙi.

Tun da na karanta takardarki ta farko nake karɓar aikin Lahadi na abokan gadina, Mayowa da Somto, ban gaya miki ba don ban gaya wa kaina dalili ba. Sun yarda su riƙe mini kujerata, kwana ɗaya a madadin kowane kwanan da na tsaya musu. Ga abin da na tara: Lahadi bakwai, kwanakin Kirsimeti biyar da zan tsaya musu, hutun shekara sha huɗu. Kwana ashirin da shida. Hanya za ta ci huɗu. Saura ashirin da biyu.

Yayanki,
Abdussamadu