Cutar da Goggo Ba Ta Yi Ba

Unguwar Hajji, Karaye,
Cikin watan Sha'aban, 1954.

Zuwa ga yayana Liti, a Zangon Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Lami da yara. Allah Ya ƙara buɗi a fataucin goro, Ya tsare ka a hanya da masauki, amin. Mu nan sai godiya. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, ɗorawa ta nuna, mata sun fara tara kalwa. Maiɗakina Safiyatu ta warware sarai, jaririyarmu Maijidda kuma har ta fara yi wa mutane dariya. Baffa Sulle yana Rogo lafiya, ya ce bana shanunsa ba su wahala da ƙishirwa ba.

Saƙonka ya iso ta hannun fatake, na kuma ji irin tashin hankalin da ka shiga da aka gaya maka Goggo ta kamu da wata muguwar cuta. Yaya, ka kwantar da hankalinka. Goggo lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi ba. Cutar da ka ji labarinta daga bakina ta fito, ba daga jikinta ba. Na daɗe ina juya alƙalami kafin na iya rubuta wannan, amma gara ka ji daga wurina.

Cikin sanyin da ya wuce, wata Baturiya malamar jinya, wadda muke kira Sista, ta zo rangadi daga Kano don duba ɗakin shan magani inda nake aiki. Da ta ji an yi mini haihuwa sai ta ce za ta shiga gida ta ga jaririya. Muka same su a tsakar gida. Goggo tana zaune a kan tabarma, ga daddawarta a shanye, Maijidda a cinyarta, ta zuba wa yarinyar ido, ta yi shiru har ba ta ji sallamarmu ba. Sista ta tsaya tana kallonta, sannan ta juyo ta ce mini, cikin Turanci da murya ƙasa-ƙasa, tsohuwar nan pensive ce ƙwarai. Haka suke rubuta kalmar, kunnena kuwa fensib ya ji. Ban taɓa jin ta ba. Maimakon in tambaya sai na gyaɗa kai kamar na gane, don kada ta ce malamin da aka koyar a Kano bai iya Turanci ba. Ta duba jaririya, ta shiga mota ta tafi.

Na wuni ina tauna maganar. Na ce a raina, malamar jinya ce ta faɗa, ta kuma rage murya, sunayen cututtukan da muka haddace duk haka suke faɗawa a kunne. Ga shi kuma da ma Goggo ta rage magana tun kaka. Sai na yanke cewa sunan ciwo ne. Akwai malamin elementare a nan kusa da zan iya tambaya, amma girman kai ya hana ni. Na kira Safiyatu na ce Baturiya ta ga alamar fensib a jikin Goggo, kafin ta dawo da magani a ware mata kwano da moɗa, kada kuma a ƙara ba ta jaririya. Na ce kada kowa ya ji. To, ka san magana zarar bunu ce. Safiyatu tsoro ya kama ta, ta gaya wa wata maƙwabciya a bakin rijiya, kafin kasuwa ta sake ci duk Karaye ta ɗauka. Wasu suka ce sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama ne suka kawo ta, wasu suka ce ba ta da magani, wasu suka ce ta numfashi ake ɗauka.

Ka san daddawar Goggo ba ta kwantai, har daga Yola ta nan Karaye ake aiko a saya. Sai ga shi ana kai faifanta kasuwa ana dawowa da shi yadda aka kai. Matan da suke zuwa hira wurinta suka koma gaishe ta daga bakin zaure. Ita kuwa, matar da ta goye mu bayan rasuwar Inna, sai ta karɓi kwanonta ta koma ɗakinta. In Maijidda tana kuka sai in ga ta leƙo, ta miƙo hannu, ta tuna, ta mayar. Ni kuma da na ga shirunta ya ƙaru sai na ce ciwo ne yake ci gaba. Baffa Sulle ya zo daga Rogo da ya ji, ya shiga ɗakin 'yar'uwarsa ya sa hannu a kwanonta suka ci tare, ya ce in mutuwa ce ta ɗauke su su biyu. Ni har faɗa na yi masa da ladabi, na ce ba a wasa da maganar likita.

Da Sista ta dawo rangadi farkon zafin nan, ko zama ba ta yi ba na tambaye ta ko ta kawo maganin. Ta ce na me? Na ce na fensib ɗin da ta gani a jikin Goggo. Ta fara dariya, amma da na ba ta labarin kwano da daddawa da jaririya, sai dariyar ta ɗauke, fuskarta ta yi ja. Ta zauna a benci, ta ɗora haɓarta a tafin hannu, ta zuba wa bango ido, ta ce ga abin da take nufi. Yaya, ashe tagumi take faɗi. Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ana faɗin kalmar ga mutumin da ya yi shiru cikin natsuwa, jikinsa yana nan tunaninsa ya yi nisa, da ɗan abin da yake sosa masa rai amma ba kuka ba. Ta ce ana iya faɗa wa mutum, ana iya faɗa wa fuskarsa ko kallonsa. Ba ciwo ba ce, ba zagi ba ce, a wurinsu ma ta fi kusa da yabo, domin tsohuwar ta ba ta sha'awa ne ta tuna mata da kakarta. Mu da muke ture hannun yaro in ya yi tagumi, su ashe kyau suke gani a cikinsa. Da na buɗe baki na yi tambaya ɗaya ran nan, da cikin numfashi guda an gama. Gaskiyar Hausawa, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Daga nan na nufi gida kai tsaye. Na sami Goggo ta idar da la'asar, na durƙusa a bakin ƙofarta na gaya mata komai, ban rage ba. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce: "Da ma ni ban ji komai a jikina ba. Na ce kai ne ka yi karatun." Daga nan ta ce a miƙo mata yarinyar. Safiyatu ta kawo ta tana hawaye. Maijidda ta ƙi ta, ta yi ta ƙyuya tana kuka, don ta manta hannunta. Wannan kukan har yau yana kunnena.

Ran Juma'a na roƙi liman ya ba ni dama, na tashi a gaban jama'a na warware maganar da bakina. Na hau keke na je Rogo Sabon Gari na ba Baffa haƙuri. Sista ma ta shigo gida ta sha ruwa a moɗar Goggo a gaban matan unguwa. Daddawa ta fara tafiya, ko da yake har yanzu akwai masu kewaye faifan. Yara kuma sun laƙaba mini Malam Fensib, ban hana su ba, don ni na saya da kaina.

Bayan ƙura ta lafa sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na zauna kusa da ita na tambaye ta me take tunani ran nan. Ka san ba ta faɗin sunanka. Ta ce goshin yarinyar ne ta ga irin na mutumin Kumasi, wato kai, sak lokacin da aka miƙo mata shi, sai ta tuna yana da 'ya'ya can da ba ta taɓa ɗora ko ɗaya a cinyarta ba, ba ta ma san ko za su gane gaisuwarta ba. Ta ce tun kaka abin yake zuwa mata, tana ganin ƙarfinta yana raguwa. Muna gida ɗaya da ita, Yaya, amma sai baƙuwa daga wata ƙasa ce ta lura, ni kuma da aka nuna mini na mayar da shi ciwo.

Da na gaya mata fatake sun ce kana shirin barin kayanka ka taho saboda labarin, kuma zan rubuta maka gaskiya, sai ta kama hannun rigata ta ce: "Ka bari sai ya haye Kwara tukuna, sannan ka gaya masa na warke." Ta yi murmushi kamar wasa take yi, amma ba ta saki rigar da wuri ba. Ban iya yi mata alkawari ba. Na riga na ɗora mata cutar ƙarya sau ɗaya, ba zan sake ba ko da ita ta roƙa. Don haka ga gaskiya na shimfiɗa maka. Kada ka yi asarar kayanka, kada ka taho a firgice. Amma in Allah Ya hore maka, ka zo ka yi sallar azumi a gida, ka taho da yaran ko da biyu ne. Ni kuma ka yafe mini firgicin da na jefa ka a ciki.

Ka gaishe mini da Yaya Lami da kyau, da Adama, da Lukumanu, da ƙaramar da ba mu san ta ba sai suna, Rabi'atu. Baffa Sulle yana gaishe ka, Safiyatu tana gaishe ka tana neman afuwa ita ma. Goggo na tambaye ta saƙo, ta ce ba ta da saƙo, sai dai ta ware kalwa mai kyau ta ce ba ta sayarwa ba ce. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Basiru.